Dala Dubu Ɗari a Talla, Rabin Dala a Kowane Mil

Sau huɗu ke nan ana turo min bidiyon nan a WhatsApp. Wani matashi ne ya jingina da kan tirela fari fes a wani garin Amurka, yana cewa direban babbar mota a can na kwasar dala dubu ɗari a shekara, kuma wai ruwa a jallo ake neman direbobi. Kafin ka ce kwabo 'yan uwa sun ɗauko waya suna juya kuɗin zuwa naira da sefa, har wani yana ƙorafin cewa ɗan yayarsa ya shekara biyu yana tuƙi a can amma bai sa ko bulo ɗaya a gida ba.

Wannan ƙorafin ne ya dame ni, domin an gina shi a kan zaton cewa direban dogon zango a Amurka albashi yake ɗauka. Galibinsu ba albashi suke ɗauka ba. Da mil ake biyansu, kuma sabon direba yakan fara ne a kusan rabin dala kan kowane mil. In taya ta juya ya samu, in ta tsaya babu ko sisi, ko da kuwa shi mutumin yana bakin aiki.

A yi lissafin. Kafin mai rabin dala a mil ya haɗa dubu ɗari, sai ya ci mil 200,000 a shekara, wato kusan mil 3,850 kowane mako, ba hutu, ba ciwo, ba lalacewar mota. Dokar ƙasar kuma ta hana shi tuƙin da ya wuce awa 11 a cikin awa 14 na aikin yini, ta wajabta masa hutun awa 10, ta kuma taƙaita aikinsa a awa 70 cikin kwana takwas. Tun Disamban 2017 na'ura ce a cikin motar take ƙirga masa, babu zancen gyara littafi da biro. To ta ina mil ɗin za su fito?

Ka ɗauki ɗan ƙodago da aka ce za a biya shi kunya-kunya, ya yi sammako da fartanyarsa, sai mai gona ya ce a jira shi har azahar kafin a fara. Ko tela da ake biya da riga, ya wuni gaban keke babu wuta. Ko ɗan dako a kasuwar Singa da ya tsaya awa uku mai shago na ciniki, alhali kuɗinsa na buhun da ya ɗauka ne kawai. Dukkansu sun ba da yininsu, amma ba yinin aka saya ba. Haka direban yake a ƙofar sito. Ƙanen matata, wanda ya yi wannan aiki a can, ya taɓa kirana ta bidiyo daga cikin motarsa. Ya nuna min 'yar katifar da ke bayan kujera, da tukunyar lantarki da yake dafa shinkafa, da darduma a naɗe a gefe. Tun asuba yake layin sauke kaya, a lokacin kuwa rana ta take a wurinsu. Ya ce, "Yaya, agogon gwamnati yana tafiya, nawa kuɗin a tsaye yake." Makon da ya ci mil 1,800 dala 900 ne kafin haraji, kuma in ka raba wannan da awa 70 ba ta kai dala 13 a awa ba.

Wannan jiran ba ƙaramar asara ba ce. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufurin Amurka ya ƙiyasta a 2018 cewa yana rage wa direbobi fiye da dala biliyan ɗaya a shekara, kuma yana ƙara haɗari a hanya, don wanda aka ɓata wa lokaci gudu zai yi ya rama. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta ba sauran ma'aikata ƙarin kuɗi in sun wuce awa 40 a mako, ta cire direbobin da ke tsallaka jihohi, kuma har yau haka take.

Masu talla ba kasafai suke yin ƙarya tsirara ba. Kalma biyu suke ɓuya a bayansu: "har zuwa". A 2022 Walmart ya sanar cewa direbobinsa na iya samun har zuwa dala 110,000 a shekarar farko, labarin ya zagaya duniya, amma irin wannan gurbin ƙwararru masu shekaru a hanya ne suka fi samunsa. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago na Mayun 2023 sun ce matsakaicin abin da direban babbar mota ke samu dala 54,320 ne. Kuɗi ne, ba a musu, sai dai rabin abin da bidiyon ya faɗa ne, kuma a ciki zai biya haraji da haya da inshorar lafiya.

Batun ƙarancin direbobi ma yana son a duba shi. Ƙungiyar kamfanonin manyan motoci ta ce a 2021 akwai giɓin direbobi 80,000. Amma alƙalumanta sun daɗe suna nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango, yawan masu ajiye aiki a shekara yakan kai kusan kashi 90 cikin ɗari na adadin direbobin. Wanda ke ɗiban ruwa da kwando kullum zai ce rijiya ba ta isa. Shi ya sa talla ba ta yankewa, shi ya sa kuma ake koyar da tuƙi "kyauta" bisa sharaɗin ka zauna wata da watanni, in ka tafi a bi ka bashin dubban daloli.

Tarkon da ya fi muni shi ne na "zama mai motar kanka". Duk wanda ya san yadda ake ba da A Daidaita Sahu a biya sannu a hankali zai gane shi. Kamfani ya ba ka mota, duk mako ya zare kuɗinta da na mai da inshora da gyara kafin ka ga komai, kuma shi ne ke raba lodi. In ya rage maka lodi ka kasa biya, ya karɓe motar ya miƙa wa na baya, abin da ka zuba ya tafi. Jaridar USA Today ta bankaɗo wannan a 2017 a tashoshin ruwa na Los Angeles da Long Beach, inda da yawa daga direbobin baƙi ne 'yan ci-rani, har da wanda ya kammala mako aka ba shi senti 67. Sai a Janairun 2025 wani kwamiti da gwamnati ta kafa ya ba da shawarar a haramta tsarin. Kusan shekara takwas tsakanin fallasa da shawara kawai, a ganina sakaci ne da ba za a yi shi ba da a ce masu faɗa a ji ne ke cutuwa.

Ƙanen matata ya daure har yarjejeniyarsa ta cika, sannan ya koma wani ƙaramin kamfani da ke rarraba kaya a cikin gari, inda ake biya da awa. Babu wanda ya yi masa alƙawarin dubu ɗari a wurin. Yanzu in an tsayar da shi a ƙofar sito, jiran ma yana cikin lissafi, kuma a gidansa yake kwana.