Waƙa Takan Shiga ta Kunne Kafin Ta Hau Allo

Wata shekara mun koya wa 'yan aji biyar darasin waƙa yadda aka koya mana a kwalejin horar da malamai. Muka cika allo da ma'anoni, yara suka kwafa, suka haddace, suka ci jarrabawa. Bayan mako biyu muka ce musu, "Idan an ce wance tana da farin jini, me ake nufi?" Sai wani yaro mai ƙoƙari ya ɗaga hannu ya ce ba ta da lafiya, a kai ta asibiti. Aji ya fashe da dariya, mu kuwa kunya ta kama mu. Laifin ba na yaron ba ne, namu ne. Mun ba shi sunayen abubuwa, ba mu ba shi abubuwan ba.

Tun daga ranar muka sāke hanya. Ga abin da muka koya, domin malamai da iyaye duka.

Yaro ba ya zuwa makaranta hannu wofi. Tun yana goye ya ji waƙar reno. Ya ji mata suna waƙa a bakin turmi, taɓarya tana ba su kiɗa. Ya ga 'yan mata suna gaɗa da farin wata, ya ji waƙoƙin da ke cikin tatsuniya. Ko harshen gidansu Hausa ne, ko Angas, ko Tangale, ko Bura, kunnensa ya riga ya san daɗin magana mai tsari. Aikin malami shi ne ya fara daga nan.

Saboda haka a rana ta fari ba ma taɓa alli. Mukan sa yara su rera wata waƙar wasa da suka sani, suna tafi. Sa'an nan mu ɗauki kalmomi ɗaya ɗaya mu tafa su. A Hausa gaɓa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. A kalmar "gida", gaɓar "gi" gajeruwa ce, "da" kuwa ana jan ta. A "doki" duka biyun masu nauyi ne. "Makaranta" tana da gaɓa huɗu: biyu marasa nauyi, biyu masu nauyi. Jeruwar waɗannan gaɓoɓi ita ce ke ba waƙa karinta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa ido kaɗai ba zai gane karin ba, sai kunne.

Bayan haka mukan shiga amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka. Mukan ce "rana", yara su kawo "gona", "murna", "magana". Wasa ne, amma a cikinsa suke gane abin da mawaƙi yake nema. Sai sun saba da wannan mukan faɗa musu sunaye: layi ɗaya ɗango ne, ɗangogi in sun haɗu sun zama baiti. Baiti mai ɗango biyu shi ne ƙwar biyu, mai biyar kuma ƙwar biyar. Suna yakan zauna a kai idan yaro ya riga ya riƙe abin.

To, sai adon harshe, inda muka yi tuntuɓe a dā. Nan ma kasuwa da tsakar gida sun fi littafi misalai. Idan uwa ta ce ruwan randa yana da sanyi kamar ƙanƙara, ta yi kamantawa, gama ta ɗora abu biyu kusa da juna da kalmar "kamar". Idan aka ce wani manomi zaki ne, an jefar da "kamar" ɗin, wannan ita ce siffantawa. Idan aka ce yunwa ta kama shi, ko ciwo ya tafi, an ba abin da ba mutum ba hannu da ƙafa, wato mutuntarwa. Idan yaro ya ce ya jira abinci shekara guda, ya yi kambamawa. Ga 'yan firamare waɗannan huɗu sun isa.

Kowane misali mukan bi shi da tambaya ɗaya: "Ta wane gefe suka yi kama?" Manomin nan ba shi da geza, ba ya cin ɗanyen nama. Ƙarfinsa da rashin tsoronsa ake nufi. Yaron da ya iya amsa wannan tambaya ya sami mabuɗi. Kacici-kacici da karin magana sukan taimaka ƙwarai, domin dukansu faɗin abu ne ta bakin wani abu dabam. Wanda ya gane cewa "sannu ba ta hana zuwa" ba zancen tafiya kaɗai ba ne, ya kama hanya.

Daga nan mukan sa su yi nasu. Da farkon damina wani aji ya haɗa wannan tare da mu:

Ruwa ya sauka, gona ta yi murna,
Gero ya tashi yana gai da rana.

Karin bai daidaita sosai ba, amma ga amsa-amo, ga mutuntarwa har sau biyu, kuma daga bakinsu ya fito. Kada malami ya yi saurin sa jan biro a irin wannan. Gyara zai zo daga baya.

Yana da kyau kuma yara su san cewa wannan sana'a tana da magabata. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa domin koyar da mata. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda suka rasu a 1958, sun farkar da jama'a da rubutattun waƙoƙi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, duk da haka ya tsara Infiraji. A waƙar baka kuma akwai Mamman Shata da kalangu, da Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Labarinsu yakan sa yaro ya daina ganin harshensa abin raini ne.

Wani uba zai ce, waƙa ba ta cika rumbu. Gaskiya ne. Amma yaron da bai gane zaurance da habaici ba, za a yi magana a gabansa a bar shi a baya. Mai daɗin baki zai ruɗe shi, domin bai iya raba ado da gaskiya ba. Littattafai masu zurfi kuma za su zama masa ƙofa a kulle.

Ya ku iyaye, rabin aikin nan a hannunku yake, kuma ba ya bukatar kuɗi. Bayan tuwon dare a ajiye waya, a rage muryar rediyo. Kaka ta yi tatsuniya har da waƙarta. Uba ya jefa karin magana ɗaya, ya tambayi yara ma'anarta, ya yi haƙuri da amsarsu ko da ta ba da dariya. In kun yi haka sau biyu a mako, mu malamai za mu ga bambancin a aji kafin zango ya ƙare.