Al'adun Mutanen Barikin Kuza a Ƙasar Filato

Kamar yadda haƙar kwal ta kafa birnin Inugu, haka haƙar kuza ta tara jama'a a Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka soma haƙa a Naraguta. Da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sai 'yan ci-rani daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno suka yi ta kwarara. Wasu kuwa tilas ta kawo su, domin daga 1942 zuwa 1944 an yi ɗiban gwamna, sanyi da yunwa suka hallaka mutane da dama.

Bariki na da tsarinsa. Helma ne uban lebura: shi ke ɗaukarsa aiki, ya ba shi masauki, ya tsaya masa in ya ci bashi. Da sassafe ake fita da diga da shebur da kwano, a yini ana ɗaukar ƙasa a ka. Mata na da magajiyarsu mai raba gardama. Ranar biyan kuɗi kuwa gari ya cika. Mahauta su kafa tukuba, makaɗa su ɗaura kalangu, 'yan dambe su shiga fage, masu caca su shimfiɗa tabarma. Gefe guda ga malam da almajiransa sun kewaye wutar kiskali. A nan Bahaushe da Babarbare da Berom da Ibo suka koyi cin abinci a akushi ɗaya, Hausa ta zama harshen kowa.

Farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, manyan kamfanoni irin su ATMN suka zama tarihi, amma sana'ar ba ta mutu ba. Har gobe matasa na yin loto. Su haƙa rami siriri kamar rijiya, a zura mutum da igiya, fitila ɗaure a goshinsa, yana ciko bokiti ana ja. Mata su karɓi ƙasar su kai bakin ruwa, su zuba a ƙwarya suna karkaɗawa a hankali har yashi ya tafi, baƙin kuza ya kwanta a ƙasa saboda nauyinsa. Rami kan rufta da mutane, amma neman abinci ba ya barin a daina. Kududdufan da kamfani ya bari kuma sun zama na noman rani, inda ake samun kabeji da karas da dankalin Turawa.

Rikice-rikicen da suka ɓarke tsakanin 'yan ƙasa da baƙi a 2001 da 2010 sun raba unguwannin da gumi ɗaya ya gina. Berom sun rasa gonaki saboda kuza, baƙi sun binne iyayensu a ƙasar. Ya kamata dattawan ɓangarorin biyu su riƙa gaya wa yara wannan tarihi, domin wanda ya san kakansa da kakan maƙwabcinsa sun ɗauki kwano tare, zai yi wuya ya ɗaga masa makami.