Isnadin Sauti da Farashin Hedifon

Duk wanda ya ratsa garin Sule Tankarkar a 'yan shekarun nan, ko ya tsaya a tashar motar Gumel, ko ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa lura ba da cewa wani ɗan abu da a dā ba a ganinsa sai a kunnen ma'aikatan gidan rediyo ya zama ruwan dare, har ɗan acaɓa da tela da gardin tsangaya kowa da nasa, wato iyafis, da babban wansa mai rufe kunne gaba ɗaya da ake ce wa hedifon. Abin da ake saurara da su kuwa yana da daraja: karatun Alƙur'ani, da tafsirin watan azumi, da labaran duniya, da waƙoƙin mazan jiya irin su Shata da Ɗanƙwairo. Saboda haka mas'alar wace na'ura ce ke isar da sauti bisa amana, kuma nawa ya cancanta a biya dominta, ta shafe mu, ko da yake masu zurfafa muhawara a kanta suna can Turai da Amurka da Japan.

Abin bai daɗe ainun a duniya ba. A 1910 wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, ya harhaɗa kakan na yau a gidansa, sojojin ruwan ƙasarsu suka saya. A 1958 John Koss ya kawo wanda ke ba kunnen dama nasa sautin, na hagu nasa, sannan Walkman na kamfanin Sony ya fito da shi daga ɗaki zuwa titi a 1979. Daga nan aka sami wata jama'a da son tsabtar sauti ya kama zukatansu, kamfanoni kuma suka shiga yi musu hidima, har Sennheiser na Jamus ya ƙera wani mai suna Orpheus a 1991, guda 300 kacal, a 2015 kuma ya fito da magajinsa, HE 1, wanda aka zaunar da na'urar ƙara masa ƙarfi cikin dutsen marmara na Italiya, aka sa masa kuɗi kimanin Yuro 50,000, abin da zai haɗa wa mutum garken shanu sosai a karar Maigatari.

To, me mai wannan kuɗi yake saya? Galibin abin da ke kunnuwanmu yana aiki ne da ɗan tantani wanda aka liƙa wa naɗaɗɗen zaren tagulla kusa da maganaɗisu, in lantarki ya bi zaren sai tantanin ya girgiza, iska ta ɗauki girgizar zuwa kunne. Amma irin su Orpheus, bisa tafarkin da kamfanin Stax na Japan ya buɗe tun 1960, ba su da zaren tagullar ko kaɗan, tantaninsu ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, yana rataye tsakanin faranti biyu masu huji, lantarki na ja yana turawa, kuma saboda rashin nauyinsa yana tashi nan take ya tsaya nan take, ba ya barin wutsiyar amon da ya wuce ta hau kan wanda ke tafe. Wannan fa'ida ce ta haƙiƙa, bai kamata a musanta ta ba.

Mu kuwa a nan muna da mizanin gwada ta wanda ya girmi dukan kamfanonin nan, shi ne ilmin tajwidi. Shaihu Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, ya ƙidaya mafitar haruffa 17, malamai kuma suka bi kowane harafi suka tantance siffofinsa, da mai ƙalƙala, da mai gunna, da mai fito irin na tsuntsu da suke kira safiri, wato sinun da sadun da zayun. Masana sauti na zamani sun auna sun ga cewa ƙarfin waɗannan haruffa masu fito yana can sama, fiye da girgiza 4,000 a daƙiƙa, alhali tsohon layin tarho ba ya ɗaukar abin da ya wuce 3,400, shi ya sa a waya mutum kan kasa rabe wasu haruffa sai ya nemi a maimaita masa. Duk mai son ya san amanar na'urarsa, sai ya sa karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Masar, wanda ya naɗi Alƙur'ani cikakke da riwayar Hafs a 1961, da riwayar Warsh ta tsangayunmu a 1964, ya kasa kunne: shin yana jin bambancin sinun da sadun ba tare da taimakon haddarsa ba? Shin gunna tana fita ta hanci da taushinta, ko kuwa ta koma gunji? Bayan haka ya sa kiɗan Shata, ya ji ko kalangu yana hawa yana sauka da maganarsa yadda makaɗi ke matse tsarkiya yana saki, ko kuwa duka ya narke cikin dum-dum ɗin da ake cusa wa na'urorin araha don su burge mai saye a minti na farko.

Sai dai akwai abin da masu tallar tsada ba su cika ambata ba, wanda ɗalibin hadisi zai gane shi da sauri. Sauti ma yana da isnadi, kuma hedifon shi ne marawaici na ƙarshe cikin na'urorin salsalar, ba ya ruwaito sai abin da aka ba shi. Tafsirin da aka naɗa da waya a bakin lasifikar masallaci, cikin ƙarar janareto da tarin jama'a, ko waƙar da aka kwafo daga kaset zuwa kaset tun zamanin rikoda, aka mayar da ita MP3, aka matse, wani ya sake matsewa don ta yi saurin tafiya a WhatsApp, kafin ta iso shagon mai tura waƙa a memori, wannan ruwaya ce da rauninta ya faru tun daga sama. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 da aka fi yaɗawa kuwa 128, wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan. Matsa guda da aka yi da kyau ba ta cika ɓata abu ba, maimaita ta ne ke yin ɓarna. Idan aka kawo na'ura mai gaskiya aka ɗora a ƙarshen irin wannan salsala, iyakar abin da za ta yi shi ne ta bayyana aibin da ta araha take ɓoyewa.

Game da farashi kuma, an yi bincike. A 2017 wani masani, Jeroen Breebaart, ya duba awon hedifon da iyafis guda 283, bai sami wata alaƙa ta a zo a gani ba tsakanin kuɗinsu da yadda suke daidaita ƙananan amo da manya. Kuma har yau ɗakunan naɗar sauti da gidajen rediyo da yawa a duniya suna aiki da Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991, kuɗinsa wajen Dala 100. Ra'ayina a nan shi ne, tazarar da ke tsakanin jabun da ake shanyawa a faranti bakin tasha da na'ura matsakaiciya ta kamfanin kirki tazara ce babba, wadda duk mai lafiyar kunne zai ji, kuma kuɗin da aka kashe a kanta bai tafi a banza ba. Amma daga matsakaicin zuwa ƙololuwa, kowane ƙarin inganci kaɗan ana biyansa ninkin-ba-ninkin, har a kai inda marmara da suna ake saye. HE 1 an ce yana kai girgiza 100,000 a daƙiƙa, alhali kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai ƙuruciya, ba ya wuce 20,000.

Ga kuma halin ƙasarmu. Mafi yawan masu tsadar nan bayansu a buɗe yake, ƙurar hunturu za ta shiga ta kwanta a kan tantani, hayaniyar waje za ta shigo, na kusa da kai kuma zai ji abin da kake ji. Masu rufaffen baya da matashin fata kuwa, a zafin bazarar Gagarawa, gumi zai sa a cire su tun ba a gama hizifi ba. Wasu ma, irin HD 600 na Sennheiser, wayar hannu ba ta cika iya ɗaukar nauyinsu ba sai da na'urar ƙarin ƙarfi.

Akwai marawaici ɗaya da ya rage bayan hedifon, wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa, shi ne kunnen da Allah ya ba mutum amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda ƙure ƙara, ta kuma sa iyaka ga baligi, desibel 80 na awa 40 a mako. A can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma masu karɓar amo na sama, inda sinun da sadun suke, su ne kan fara tafiya. Yaron da ke cikin mota daga Gumel zuwa Kano da iyafis sako-sako, dole ya ƙure ƙara don ya rinjayi kukan inji; wanda nasa ya toshe kunne daidai kuwa, rabin wannan ƙarar ta ishe shi har ya sauka.