Maɗin Rake: Yadda Ake Dafa Abin Kwarara Wa Fanken Turawa a Gida

A Amurka karin kumallo na fanke ba ya cika sai an kwarara masa wani ruwa mai zaƙi da danƙo. Fankensu faffaɗa ne mara kauri, a kan kasko ake gasa shi, ba a tsoma shi cikin mai kamar namu. Ɗan'uwansa wafil kuwa a cikin ƙarfe mai ramuka ake gasa shi, ramukan nan su ke riƙe ruwan zaƙin. Ruwan zaƙin da ya fi daraja a wurinsu shi ne na itacen mafil, amma da tsada, domin sai an tafasa kimanin lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita ɗaya, kuma lardin Kwibek na Kanada ne ke samar da mafi yawansa a duniya. A kudancin Amurka, inda itacen ba ya yi sosai, talakawa sun daɗe da dogaro da maɗin rake, wanda suke kira molasis, da kuma maɗin takanɗa.

Molasis ragowar aikin sukari ne. Ana matse rake, a tafasa ruwan har ya yi kauri ƙwayoyin sukari su fara fitowa, sai a juya shi a cikin inji da gudu ƙwayoyin su rabu. Baƙin ruwan da ya rage shi ne maɗin. Na tafasar farko ya fi haske da zaƙi. Na biyu ya fi duhu da ƙarfin ƙamshi. Na uku baƙi ne wuluk, da ɗaci-ɗaci, domin an kwashe yawancin sukarinsa, sai dai shi ya fi tara sinadarai irin su ayan da kalsiyam da fotasiyam. Mai son abin zubawa a fanke ya nemi na farko ko na biyu. Na ukun yakan danne ɗanɗanon komai.

Molasis ba ƙaramar haja ba ce a tarihin Amurkawa. A 1733 majalisar dokokin Birtaniya ta ɗora haraji a kan molasis da mazauna Amurka ke saye daga tsibiran da ba na Ingila ba, kuma bayi 'yan Afirka ne ke noman raken nan. A ranar 15 ga Janairun 1919 wani katafaren tankin maɗi ya fashe a birnin Boston, ya malale tituna, mutum 21 suka rasu.

Haɗa maɗin fanke a gida kuwa ba wuya. A zuba kofi ɗaya na sukari da rabin kofi na ruwa a tukunya mai kaurin gindi, a ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa har sukarin ya narke sarai. Sai a ƙara babban cokali uku na molasis, ɗan gishiri, da ƙaramin cokali na ruwan lemun tsami. Daga nan a ajiye muciya, a bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali na kamar minti biyar.

Dalilin ajiye muciyar shi ne sirrin aikin. Sukari kullum neman komawa ƙwaya yake yi. Ƙwaya ɗaya tak da ta maƙale a gefen tukunya, idan juyi ya maida ta ciki, sauran za su taru a kanta, washegari a tarar da gindin kwalba ya yi tsakuwa-tsakuwa. Lemun tsamin nan maganin wannan ne: tsaminsa, tare da zafi, yana raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, waɗanda ke shiga tsakani su hana ƙwayoyin haɗuwa. Molasis kansa yana ɗauke da irin wannan rababben sukari, shi ya sa yake daɗewa yana ruwa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen saukewa. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma gwargwadon yadda yake ƙonewa sukari na ƙaruwa, zafin tafasar na hawa. Wajen digiri 104 ne ake samun kaurin da ake so. Idan aka bari ya haura 112, an kama hanyar alewa. Ido yana ruɗi a nan, domin maɗi mai zafi tsararo yake, sai ya huce yake nuna kaurinsa. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga ɗan kaɗan a faranti mai sanyi, ta jira jim kaɗan, ta karkata shi. In ɗigon ya gangara a hankali kamar zuma, ya yi. A kula da yara a kusa da murhu, domin tafasasshen maɗi manne wa fata yake yi, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni.

A ganina mai girki a ƙasar Hausa ba ta da buƙatar neman kwalbar kanti. Mazarƙwailar da ake dafawa a yankunan rake irin su Maƙarfi ruwan rake ce da ba a raba ta da maɗinta ba, ƙamshin nan duk yana ciki. A farfasa ta, a narkar da ruwa kaɗan, a tace da ƙyalle mai tsabta saboda ɓawo da yashi, sannan a dafa da lemun tsami yadda aka faɗa. Citta ko kanumfari kaɗan suna karɓarta ƙwarai, kuma tana hawa kan masa da sinasir ba tare da gardama ba.

Sai dai kada duhun launi ya sa a ɗauki maɗin nan magani. Sukari ne, mai ciwon suga ya kiyaye. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan zaƙi ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kusan ƙaramin cokali 12 ga babba. In maɗin ya huce a juye a busasshiyar kwalba mai murfi, a sa a firiji, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Mai son man shanu a ciki ta zuba shi a iya wanda za a ci a ranar, domin yana rage wa maɗin kwana.