Hanyoyin Hana Danshi a Ƙarƙashin Rumbu da Ɗakin Ajiyar Hatsi

Gabatarwa

Sau da yawa manomi yakan shanya hatsinsa ya bushe sarai, ya zuba a rumbu, ya gyara jinka, ya koma harkokinsa da kwanciyar hankali. Bayan wata huɗu ko biyar sai ya buɗe ya tarar na sama lafiya lau, amma na ƙasa ya dunƙule, ya yi baƙi, yana wari. Akasari ba ta rufi ruwan ya shiga ba, danshin ƙasa ne ya taso ta gindin rumbun. Wannan matsala ta fi tsanani a jihohi irin su Kwara, Neja, Binuwai, Nasarawa da Oyo, inda damina ke da tsawo, kuma ake girbin masarar farko ana tsakiyar ruwa. Don haka ya kai manomi, ka kula da ƙarƙashin rumbunka kamar yadda kake kula da rufinsa.

Yadda danshi ke shiga

Ko da fuskar ƙasa ta bushe, cikinta na riƙe da laima, kuma kullum tana fitar da ita sama kamar tururi. Idan iska na ratsawa ƙarƙashin rumbu, za ta kwashe wannan laima. Idan kuwa ciyawa, itacen girki ko tarkace sun toshe wurin, sai laimar ta taru. Da dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa ta kwanta a jikin katako ko daɓen rumbun. Haka nan ginin ƙasa, bulo da siminti suna zuƙo ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir.

Shi kuma hatsi yana shan laimar iskar da ke kewaye da shi. Da zarar laimar iska ta wuce kashi 70 cikin 100, fumfuna kan fara tsirowa. Ga iyakar danshin da ya kamata amfanin gona ya kasance da shi a wurin ajiya:

Masara, dawa da gero: kada ya wuce kashi 13 cikin 100.
Shinkafa mai ƙaiƙayi: kada ya wuce kashi 14 cikin 100.
Ɓararriyar gyaɗa: kashi 7 zuwa 8 cikin 100.

Illar da ke tattare da shi

Asarar ba ta tsaya ga ruɓewar hatsi ba. Danshi na ƙara wa ƙwarin hatsi yawa, yana jawo gara ta cinye ginshiƙai, yana kuma kashe iri ya ƙi tsirowa. Mafi haɗari shi ne wata fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Dafawa ba ta kawar da wannan guba. Tana lalata hanta, tana iya jawo ciwon daji, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Idan aka ba kaji gurɓataccen hatsi ƙwai na raguwa, idan saniya ta ci gubar na bi ta cikin madara. A shekarar 2004 mutane 125 suka rasu a ƙasar Kenya sakamakon cin masarar da ta kamu da ita.

Matakan kariya

1. Zaɓen wuri. Ka kafa rumbu a kan tudu, nesa da kwata, rijiya da wurin wanke-wanke. Kada ka sa shi ƙarƙashin bishiya, domin inuwa na hana ƙasa bushewa.

2. Kore ruwa. Ka ɗaga ƙasar gindin rumbu ta ɗara ta kewayenta, yadda ruwa zai gangare waje. Ka haƙa magudana ka zagaye shi. Bakin jinka ko kwano ya zarce bango sosai don kada ruwa ya fantsamo.

3. Ɗaga rumbu. Rumbun ƙasa ya zauna bisa duwatsu masu ƙarfi, a bar sararin da iska za ta ratsa. Rumbun masara na katako ko gora kuwa, daɓensa ya kai mita 1 daga ƙasa, a sa wa kowane ginshiƙi hular kwano don hana ɓera hawa. A yankuna masu yawan laima faɗinsa kada ya wuce santimita 60, tsawonsa kuma ya tari iskar da ta fi kaɗawa.

4. Shimfiɗa leda. Ka share ƙarƙashin rumbun, ka cire duwatsu masu kaifi, ka shimfiɗa leda mai kauri. Inda leda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da santimita 30. Sai ka zuba yashi a kai ya danne ta. Wannan na tare laimar ƙasa tun kafin ta taso. Amma ka fara gyara magudana, in ba haka ba ruwa zai kwanta bisa ledar.

5. Barin wurin fili. Ƙarƙashin rumbu ba wurin ajiyar itace ko tsofaffin tukwane ba ne, ba kuma akurkin kaji ba ne.

6. Ɗakin ajiya. Idan za ka yi sabon daɓe, ka shimfiɗa leda kafin a zuba siminti. Kada ka ajiye buhu a ƙasa. Ka jera su bisa dakalin katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, ka bar aƙalla rabin mita tsakaninsu da bango. Ka buɗe tagogi da rana lokacin hunturu ko ranar da gari ya bushe, ka rufe su da dare da lokacin ruwa, domin iska mai laima ƙara danshi take yi.

Gwaji biyu masu sauƙi

Don gane ko daɓe na tsatso, ka manna leda mai faɗin rabin mita a kansa, ka like gefunanta, ka bar ta kwana 1 ko 2. Idan ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta, to danshi na tasowa daga ƙasa.

Don gane ko hatsi ya bushe, ka zuba tsabarsa a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi kamar minti 15, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin na bukatar ƙarin shanya.

Kira ga malaman gona

Ku riƙa duba rumbuna tun da bazara kafin ruwan farko, ku sake dubawa a watan Agusta. Ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashi, kada ku tsaya ga kallon rufi. Alamun da za ku nema su ne warin fumfuna, hanyar gara, gansakuka a gindin bango da katakon da ya yi laushi. Inda kuka ga haka, ku sa a kwashe hatsin a sake shanya shi bisa tamfol, a tsince wanda ya yi fumfuna a binne, kada a ba dabbobi. Sai an gyara wurin ya bushe sannan a mayar da sauran.