Hanzari da Juriyar Manyan Manhajojin Intanet: Nazari a kan Wikipedia

1.0 Gabatarwa

A yau wani babban kaso na rubutun harsunan Nijeriya yana kan intanet ne, kama daga ƙamusoshi da jaridu har zuwa kundayen ilmi. Ke nan makomar wannan rubutu ta rataya a wuyan manhajojin da ke ɗauke da shi. Idan manhaja ta cika nawa, ko ta durƙushe a lokacin da jama'a suka yi mata yawa, mai karatu kan haƙura ya nemi biyan buƙatarsa a wani harshe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manyan manhajoji ke shawo kan wannan matsala. An ɗauki Wikipedia a matsayin misali, domin kundi ne mai sassa a harsuna fiye da 300, ciki har da Hausa da Yarbanci da Igbo da Fulatanci.

2.0 Ma'anar Hanzari da Juriya

Abin da ake nufi da hanzari shi ne gajartar lokacin da ke tsakanin neman shafi da bayyanarsa a gaban mai nema. Juriya kuwa ita ce iyawar manhaja ta riƙe wannan hanzari idan masu nema suka ninka, muddin an ƙara mata kayan aiki. Hanyoyin ƙarin iri biyu ne. Ta farko ita ce a ƙara wa saba ɗaya ƙarfi, watau kwamfutar da ke amsa buƙatun masu karatu. Ta biyu ita ce a ƙara yawan sabobin. Ana iya kwatanta su da garin da ruwa ya yi wa ƙaranci: ko dai a sauya guga da wadda ta fi girma, ko kuwa a haƙa sababbin rijiyoyi. Girman guga yana da iyaka, shi ya sa manyan manhajoji suka fi dogara da hanya ta biyu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001. Da farko manhajar UseModWiki aka yi amfani da ita, wadda ke adana shafuka a fayiloli. Da rubutu ya yi yawa, sai aka sake gina manhajar a shekarar 2002 a kan rumbun bayanai na MySQL, kuma ita ce aka raɗa wa suna MediaWiki a 2003. A Janairun 2005 sabobi 39 ne ke ɗauke da aikin a jihar Fulorida ta Amurka. A 2013 aka koma rumbun bayanai na MariaDB.

4.0 Dabarun Ɗaukar Nauyi

4.1 Rabon Aiki

Duk buƙatar da ta shigo takan fara isa ga na'urar da ke rarraba aiki tsakanin sabobi. Idan ɗaya ta lalace, sai a daina tura mata, sauran su ci gaba.

4.2 Kwafin Rumbun Bayanai

Masu karanta kundin sun ninka masu gyara shi nesa ba kusa ba. Bisa ga haka, akan ware babban rumbu guda da ke karɓar duk wani gyara, sannan a yi masa kwafi da dama waɗanda daga cikinsu ake karatu. Illar wannan tsari ita ce kwafi kan ɗan yi jinkiri kafin ya cim ma na asali, har mai karatu ya ga tsohon rubutu na ɗan lokaci.

4.3 Ma'ajiyar Wucin Gadi

Wannan ita ce ƙashin bayan tsarin baki ɗaya. Haɗa shafi aiki ne mai cin lokaci, domin sai an ɗauko rubutu daga rumbu, an tsara shi, an jona masa hotuna da jadawali. Maimakon a maimaita haka ga kowane mai nema, sai a haɗa shafin sau ɗaya a ajiye shi a shirye, a riƙa miƙa shi har ranar da aka yi masa gyara.

Dalilin nasarar wannan dabara ba baƙo ba ne ga masana harshe. George Kingsley Zipf ya nuna cewa a dogon matani kalmar da ke ta biyu a yawan aukuwa takan zo kimanin rabin adadin ta farko, ta uku kuma kimanin sulusi. A Hausa, alal misali, 'yan kalmomi irin su "da" da "na" da "ta" sun mamaye kowane shafi, alhali dubban kalmomi sai jefi-jefi ake cin karo da su. Neman shafukan intanet ma yana bin tsari mai kama da wannan: shafuka kaɗan ne ke jan akasarin masu karatu. Don haka ma'ajiya madaidaiciya kan isa ta amsa mafi yawan buƙatu.

4.4 Rage Nisa

Saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Legas zuwa jihar Bajiniya, inda ɗaya daga manyan cibiyoyin Wikipedia take, akwai kusan kilomita 8,700. Zuwa da dawowa sau ɗaya zai ci abin da ya kusa ushirin daƙiƙa, ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, ga shi kuma buɗe shafi ɗaya na buƙatar kai-komo da yawa. Babu ƙarfin kwamfutar da zai kawar da wannan jinkiri. Maganinsa kawai a matso da ma'ajiya kusa da mai karatu. Wannan ne ya sa aka kafa cibiyoyin ajiya a Amstadam da Sanfaransisko, sannan Singafo a 2018, da Marsel ta Faransa a 2022, da Sawo Fawulo ta Barazil a 2024.

5.0 Darasin Shekarar 2009

Ranar 25 ga Yuni, 2009, mawaƙin nan Michael Jackson ya rasu, jama'a suka yi dafifi zuwa shafinsa. A daidai wannan lokaci editoci na ta yi wa shafin gyara, kuma kowane gyara na soke kwafin da ke ajiye. Sai ya zamana sabobi masu yawa sun duƙufa wajen haɗa shafi guda a lokaci ɗaya, har aikin kundin ya tsaya na wani ɗan lokaci. Bayan haka ne aka ƙirƙiro manhajar PoolCounter, wadda ke ƙayyade adadin sabobin da za su haɗa shafi ɗaya, sauran su jira ko su miƙa tsohon kwafi. Abin lura a nan shi ne, ba ƙarancin kayan aiki kaɗai ke kayar da manhaja ba, har da rashin tsari.

6.0 Dangantaka da Harsunan Nijeriya

Abubuwa biyu sun shafi waɗannan harsuna kai tsaye. Na farko, ma'ajiyar wucin gadi tana fifita shafin da ake yawan nema. Shafin da masu karanta shi ba su da yawa ya fi yiwuwa a rasa shi a ma'ajiya ta kusa, sai an nemo shi daga babbar cibiya. Ashe ke nan ƙarancin masu karatu na iya jawo nawa, nawar kuma ta ƙara korar masu karatu.

Na biyu, hanzarin bincike ya dogara ne da fihirisin kalmomi da aka tanada tun da wuri. Idan wasu marubuta suka rubuta "ƙasa" wasu kuma "kasa" suna nufin abu ɗaya, dole mai tsara fihirisi ya zaɓi ko ya haɗe su ko ya raba. In ya haɗe, ma'anoni biyu sun cakuɗe. In ya raba, wani rubutun ya ɓace wa mai nema. Haka lamarin yake ga ɗigon ƙarƙashin baƙi da alamomin karin sauti a Yarbanci da Igbo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa juriyar babbar manhaja ta ginu ne a kan rabon aiki, da kwafin rumbu, da ajiyar shiryayyun shafuka, da rage nisa. Har ila yau ta nuna cewa wani ɓangare na aikin yana hannun masana harshe. Ya kamata sassan nazarin harsuna da ke shirin ɗora ƙamus ko taskar matani a intanet su daidaita ƙa'idojin rubutu tun kafin a fara gini, su kuma zauna da injiniyoyi wajen tsara fihirisi, domin gyaran da ba a yi a tushe ba yakan yi tsada idan gini ya yi nisa.