Dacewar Akwatin Raba Ƙarfi da Miƙaƙƙen Aksil a Motoci Masu Jan Ƙafa Huɗu

Motocin da ke jan ƙafa huɗu iri biyu ne ta fuskar yadda aka ɗaura tayoyinsu na gaba: akwai waɗanda kowace taya ke da nata hannuwa, tana hawa da sauka ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba, akwai kuma waɗanda ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe, wato aksil, ya haɗa tayoyin biyu tun daga wannan gefe har wancan. Na farkon ya fi daɗin tafiya a kan kwalta, shi ya sa kamfanin Toyota ya koma gare shi a ƙananan motocinsa na a-kori-kura da yake sayarwa a Amurka daga 1986, General Motors ma ya yi haka a manyan motocinsa na a-kori-kura a 1988. Na biyun kuwa ya fi jure duwatsu da kwazazzabai da nauyin kaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984 kuma ta zama abin dogaro ga masu ratsa hamada ta Agadas, ba ta rabu da shi ba har yau. Ganin haka ne wasu ke cire tsarin farko su ɗaura miƙaƙƙen aksil, sai dai nasarar aikin ta rataya ne a kan wani sashe da ake yawan mantawa da shi, wato akwatin raba ƙarfi.

Wannan akwati, da ake kira turansifa, yana manne ne a bayan giyabos, inda yake karɓar juyin inji ya raba shi gida biyu ta hanyar farfela biyu, ɗaya zuwa baya ɗaya zuwa gaba, yana kuma ɗauke da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga yashi. Da yake inji da giyabos sun tare tsakiyar mota, farfelar gaba ba ta da hanya sai ta gefe, don haka kowane akwati yana da ɓangaren da bakinsa na gaba yake, ko dama ko hagu. Shi ma aksil yana da tulluwar da ke ɗauke da haƙoran raba juyi tsakanin tayoyi biyu, ita ma a gefe ɗaya take, kuma wajibi ne ta kasance gefen da bakin akwatin yake, domin farfela ba za ta iya ratsa ƙarƙashin inji ta koma ɗaya gefen ba. Motocin Toyota na kafin 1995 ta dama suke fitarwa, Tacoma da ta gaje su kuwa ta hagu, saboda haka tsohon aksil ɗin Toyota ba ya zama a ƙarƙashinta sai an sauya akwatin ko an sake ƙera aksil ɗin. Haka ma masu Chevrolet ta 1988 zuwa sama sukan nemi aksil ɗin Ford, wanda tulluwarsa ke hagu, su bar na tsohuwar Chevrolet da ke dama.

Bayan an daidaita gefe, sai a dubi lissafin haƙora, wato yawan juyin da farfela ke yi kafin taya ta juya sau ɗaya. A motocin da ake saka wa ƙafa huɗu lokaci-lokaci, akwatin yana kulle farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida, don haka idan na baya 4.10 ne aka kuma ɗaura na gaba mai 4.56, tayoyin baya za su riƙa neman wuce na gaba da kimanin kashi 11 cikin ɗari. A cikin yashi tayoyin kan zame su sauke wannan tirjiya, amma a kan ƙasa mai tauri sai ta taru a cikin akwatin har sarƙa ta miƙe ko haƙori ya karye. Nan ne bambancin ƙira ke bayyana, domin akwatin NP205 na zubin ƙarfe ne mai aiki da haƙora zalla, ƙaramar giyarsa 1.96 ce, alhali NP231 na Jeep na alminiyam ne mai aiki da sarƙa, tasa kuwa 2.72 ce, na farkon ya fi ƙwari, na biyun ya fi sauƙin nauyi da iya rarrafe.

Akwai kuma batun kusurwa, domin tulluwar tsarin da kowace taya ke da nata hannuwa a ɗaure take da jikin mota ba ta motsi, alhali ta miƙaƙƙen aksil tana hawa da sauka tare da tayoyi, ga shi kuma yawanci sai an ɗaga motar kafin aksil ya sami wuri. Farfelar gaba gajeruwa ce, saboda haka ɗagawa kaɗan kan sa ta karkata sosai, abin da ke jawo jijjiga da saurin cinyewar kuros, wato mahaɗin da ke ba ta damar lanƙwasa. Maganin da aka saba shi ne farfela mai kuros biyu a bakin akwati, wadda kuma ke iya tsawo da gajarta sosai, wani lokaci har a ɗan juya akwatin a mazauninsa domin bakinsa ya sauko. Idan kuma aka yanke shawarar sauya akwatin baki ɗaya, dole a ƙirga tsagogin da ke jikin sandar da ta fito daga giyabos, tunda a Toyota kaɗai akwai mai 21 akwai mai 23, sannan a tabbatar na'urar auna gudu da kwamfutar mota ke dogaro da ita za ta ci gaba da aiki.

Saboda haka makanikin da ya san aikinsa yakan shiga ƙarƙashin mota ya duba akwatin tun kafin ya sayi aksil, ya auna, ya ƙirga, domin gyara irin wannan yana taɓa sitiyari da birki, kuma kuskure a cikinsa yana iya cin rayukan fasinjoji a wurin da taimako ke da nisa.